Abin da Ke Bayan Lafiya Lau

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan sallar Asuba

Amsar da na tura wa 'yata Rafia ranar Juma'a har yanzu alama ɗaya ce a gefenta. Sai alamar ta zama biyu ne saƙo ya isa wayar mutum. Ba damuwa nake ba. Ƙasar Larabawa ma sabis na yankewa, kuma yarinyar da ta je aikin gida ba riƙon waya ta je yi ba.

Abin da na zauna rubutawa daban ne. Yau bandul ɗina na data ya cika wata guda cif, har da saura. Na duba sau biyu. A gidan nan namu na unguwar Aboabo a Kumasi mai ɗaki goma sha ɗaya, maza da mata, babu wanda zai iya faɗin haka. Zuleha mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, wadda ɗakinta ke jikin nawa, nata ba ya kai kwana huɗu, sannan ta zauna tana zagin kamfani. Ba kamfani ne ya ɗora yatsanta a kan bidiyon amaryar da ba ta sani ba.

Matan makarantarmu ta Asabar sun ce in koya musu, don haka bari in tsara abin a nan. Na shiga setin na hana hoto da bidiyo sauka da kansu, sai abin da na danna wa kibiya da yatsana. Na hana manhajoji shan data a ɓoye, don waya ko tana cikin jaka ci take. Ba na kallon abin da mutane ke liƙawa a sitatus. Wanda ya ci kaza ya ci don cikinsa. Data a kashe take wuni, sai bayan Asuba da bayan La'asar, minti goma-goma. Kira ta Watsap kuwa na hana tun makon da Rafia ta sauka can. Ta yi ta gwadawa, ina buɗe data in tarar da kiran da ya wuce. Na rubuta mata cewa ban manta muryarta ba.

Sai saƙon murya. Nan ne mutane ke asara ba su sani ba. Na yi zamanin shagon waya, lokacin da ake magana ido na kan agogo, don haka ba sai an gaya mini ba: duk mintin da murya ta yi a kunnenka data ce ke tafiya. Minti ɗaya nake ba kowa. Rafia takan samu ɗaya da rabi, don 'yata ce.

Kuma ya isa, saboda irin renon da na yi mata. Tun tana 'yar shekara huɗu, in ta shigo da gudu da magana a bakinta, sai in mayar da ita bakin ƙofa ta sake shigowa da sallama. Ba a kawo buƙata kafin gaisuwa. Har yau haka take. Za ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata, ta tambayi kasuwa, ta gaida kawunta da iyalinsa, ta gaida Zuleha, ta gaida liman, ta yi wa babanta addu'ar rahama, ba ta tsallake kowa. Sannan ta ce, “Ni ma lafiya lau, Mma, alhamdu lillahi.” Da na ji wannan sai in tsayar. Abin da uwa ke nema ke nan. Sauran hira ce, kuma hirar tata kullum ƙara tsawo take. Na Juma'ar nan minti goma sha uku. Goma sha uku! Wanda ya koya mata wannan almubazzaranci, ni dai ba ni ba ce.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Alama ɗaya. Ruwa ya hana kasuwa, mayafi biyu kawai suka fita.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Tun da Rafia ta tafi bayan Babbar Sallah ba ta taɓa tsallake Juma'a ba, don ranar ce uwar gidanta ke ba ta wayar. Yau babu.

Ƙanena Sanni ya biyo daga masallaci da ƙurar katakon rumfarsa ta Anloga har cikin girarsa. Ban san yadda mutum zai je gaban Ubangijinsa a haka ba, na kuwa gaya masa. Ya ci tuwo, ya sha ruwa, sannan ya ce, “Yaya, 'yata ta yi magana?”

Na ce sabis ne.

“Sabis na mako guda? Yaya, shekara uku na yi ina kafinta a can. Ko a cikin rairayi sabis bai taɓa kwana biyu ba.”

Na ce to ya koma ya gyara musu.

Ya ce me ta ce a saƙon ƙarshe. Na ce ta ce lafiya lau. Ya ce shi ke nan? Na ce me kuma ake so 'yar mutunci ta ce.

Na buɗe data sau biyar yau maimakon biyu. Lokacin sallah nake dubawa.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan Azahar

Mata ashirin da biyu suka zauna bayan an tashi karatu, kowace da wayarta a cinya. Na tsaya a gaban allo kamar yadda malamanmu na sakandare ke tsayawa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani a wayoyin nan ya isa wa'azin wata guda. Wata tana cikin guruf goma sha bakwai. Wata jikokinta sun cika mata waya da wasanni, kowanne na sha a ɓoye.

Hajiya Rashidatu, wadda ba ta iya ganin mutum a tsaye ba ta ja masa zane ba, ta ce, “To, Malama Data, in ɗana ya turo hoton jikata fa? In ce masa ya zana da fensir ya aiko ta gidan waya?”

Aka yi dariya. Na bari aka gama, na ce, “Ki danna kibiya ki sauke ɗaya, Hajiya. Ba sai kin sauke talatin ɗin da yarinya ke hamma a cikinsu ba.” Dariyar ta koma kanta. Da na duba wayarta, ita ce ta fi kowa ɓarna. Ban faɗa a fili ba. Na nuna wa ta kusa da ita kawai.

Na ƙare da maganar saƙon murya. Na ce da kun ji yaro ya ce lafiya lau, ku tsayar. Wata tsohuwa ta ce nata ɗan ba ya gaisuwa, kai tsaye yake shiga magana. Na ce wannan ba laifin waya ba ne.

Sun yi mini addu'a sosai. An tambayi Rafia. Na ce lafiya lau.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Na wanke labulen ɗakinta. Datti ya yi, ba wani abu ba.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan La'asar

Na rufe shago da wuri na je ofishin ejan ɗin da ya yi mata hanya, a saman wani bene a unguwar Alabar. Ya bar ni a benci awa guda da rabi. Da na shiga ya miƙe yana “Hajiya, Hajiya, no wahala,” alhali ya san ban je Makka ba. Duk maganar da ya yi, kalandar bango yake kallo.

Wai ofishinsu na can ya kira. Wai Rafia ba ta gidan da aka kai ta tun kwana goma. Ta fita zubar da shara da safe ba ta koma ba, ta bar waya, ta bar kaya. Ya faɗi wata kalma da Turanci da suke kiran irin waɗannan 'yan mata da ita. Na san ma'anarta, na yi makaranta. Ba zan rubuta ta ba.

Ya ce, “Yaran yanzu, Hajiya, in suka ga gari sai su bi ƙawaye.”

Na ce, “Sunanta Rafia Karimu. Ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha biyar. In ka sake haɗa ta da yaran yanzu, sai ka nemi wani benen.”

Na sauko da ƙafafuna ban riƙe ƙarfen matakala ba. A trotro, motar haya, gwiwar ta tashi.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan Asuba

In da wani abu ne da ta faɗa. Kowace Juma'a lafiya lau take ce mini, da bakinta. Wanda ke cikin wahala ba ya hirar minti goma sha uku.

Ban gaya wa Sanni ba. Ban gaya wa kowa ba. Maganar gida ba ta fita.

Ni na rene ta. Ba za ta bi ƙawaye ba. To ina ta bi?

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Babu. Bandul ɗin da na saya ran Litinin ko kwata bai tafi ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba zan gyara ba.

Ban je makaranta ba yau, na ce gwiwa. Zuleha ta dawo daga sayar da waakye tana wanke tukwane a tsakar gida, wayarta a kan turmi, muryar ɗanta Wahab na fita daga Libiya. Ya gama, ta goge hannu ta sake kunnawa. Ya gama, ta sake. Saƙo ɗaya, minti shida, sau uku. A na huɗu na kasa. Na fito na ce, “Zuleha, ke ba ki da tausayin kanki? Makon jiya kina zaune a gabana ina bayani. Sau huɗu! Shi ya sa ba kya kai Alhamis.”

Zuleha Badagomba ce daga arewacin Gana, shekara talatin a Zongo cikin Hausawa amma har yau “kai” take ce wa mace. Ta ce, “Mman Rafia, kai ka yi sakandare, ni ko aji ɗaya ban yi ba. Amma data na ya ƙare tun Laraba. Duba.”

Na duba. Babu ko ɗigo. Wahab kuwa na ta magana.

Ta ce, “In ka danna kibiya ya sauka, ya zama naka. Ka ji sau ɗari, ba mai taɓa ka. Kamar shinkafa ne. In ka kawo gida, mai shago ba ya bin ka kicin yana kallon bakinka.”

Na ce me ya hana ta faɗa a makaranta.

“Ni? A gaban Malama Data? Yoo.”

Na ɗauko tawa don in nuna mata ba haka ba ne. Data a kashe. Na danna saƙon Rafia na ƙarshe. Ya tashi. Ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa, ta gaida kowa, ta ce lafiya lau. Yatsana ya tafi da kansa zai tsayar, na riƙe shi.

Bayan lafiya lau akwai shiru. Akwai numfashi. Sannan ta ce, da wata murya da ban san tana da ita ba, “Mma, abin da na gaya miki makon jiya, ya sake.”

Zuleha ta ajiye tukunya. Ta kama hannuna da nata mai sabulu, ta kai ni ɗaki, ta ja ƙofa, ta tsaya a waje. Na ji tana korar masu zuwa ɗiban ruwa.

Asabar ɗin dai, bayan Magariba

Saƙonninta goma sha shida ne. Na ji su duka, daga na farko, kowanne har ƙarshe. La'asar ta wuce ni. Rabon da sallah ta wuce ni tun ranar da na haife ta.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan Asuba

Na farko zuwa na huɗu, abinci ne da zafi da yawan ɗakuna. A na biyar an karɓe fasfo, ana kulle ƙofa ta waje. Na takwas raunin hannunta ne. Daga na goma sha ɗaya akwai ƙanen maigidan a ciki, kuma ba zan rubuta ba, ko a littafin nan da ba mai buɗewa.

Ta faɗi dalilin da ba ta rubutawa: uwar gidan na duba wayar, yaran gidan na karanta Turanci, Hausarmu ce kaɗai ba mai ji. Ta faɗi dalilin da ba ta gaya wa kawunta ba: “Kin ce maganar gida ba ta fita.”

In an kunna saƙo, ɗan makirfon da ke jikinsa yakan koma shuɗi a wayar wanda ya turo. Wato ita tana gani na ji. Kuma a ƙarƙashin kowanne akwai amsata, gajeriya, a tsare, ba kuskuren rubutu.

Na ji. Ki riƙe sallah.

Na ji. Ki bi maganar uwar gidanki.

A ƙarƙashin na goma sha ɗaya: Na ji. Haƙuri ake yi. Ki rage tsawon magana.

Na karanta wannan sau ban san iyaka ba.

Amma zan rubuta wani abu, don gaskiya ne, kuma ba wanda zai hana ni. A saƙon ƙarshe, daga minti na tara, yarinyar nan ta share hawaye ta yi magana kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ta faɗi sunan unguwar harafi bayan harafi. Ta ce akwai masallaci mai koriyar hasumiya a ƙarshen layi. Ta ce gabansa akwai kantin magani, ta karanto lambar wayarsa da ta haddace daga jikin leda, sau biyu, a hankali. Ta ce wata baƙar mace na share ƙofar kantin kowace safiya, ta taɓa ɗago mata hannu ta taga. Ta ce gobe in an buɗe mata ta fitar da shara, can za ta nufa. Sannan ta ce, “Kin ce in yi haƙuri, Mma, na yi iyakar yina. Ki yafe mini, zan saɓa maganarki.”

Shekararta ashirin da uku. Ba kowace uwa ce ke da irin wannan ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan Azahar

Na je Anloga. Rumfar Sanni ba a jin magana saboda injin zarto, sai da ya sa aka kashe. Na kunna masa daga minti na tara kawai. Ya rubuta sunan unguwa da lambar a jikin katako da fensirin bayan kunnensa.

Ya ce, “Yaya, saƙon nan na yaushe ne?”

Na ce uku ga wata.

Ya ce, “Yau ashirin.”

Na ce na san kwanan wata.

Ya dube ni, ya dubi wayar, bai ƙara ba. Da ya yi magana da na samu abin amsawa.

Nan take ya kira wata Alima, 'yar Aboabo, shekararta goma sha biyu a can tana dafa wa 'yan Zongo tuwo. Ya ce duk ɗan Gana da ya ɓace a garin can, in ba a same shi a ɗakin Alima ba, to Alima ta san ɗakin da yake. Na karɓi wayar na gaishe ta. Ta ce ta san ni, na taɓa korarta daga ƙofar masallaci saboda ɗankwali. Na ce ban tuna ba. Na tuna.

Ta ce, “Mma, bar shi a hannuna.”

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Data a kunne take tun jiya, ba kashewa. Saboda tsarin da na yi a setin, ko a kunne ba ta cin wani abin kirki. Wannan ɓangaren dai ban yi kuskure ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

Alima ta je. Unguwar na nan, hasumiyar koriya ce, lambar kantin daidai take. Ko harafi ɗaya Rafia ba ta ɓata ba. Ni na koya mata hadda, da bulala a gefen tabarma, ban kuwa taɓa amfani da ita ba sai sau biyu.

Mai sharar ba ta nan. An ce sai Lahadi.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan Asuba

Juma'a.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan Azahar

Mata ashirin da biyu na koya wa abin da ba haka ba. Tun Talata yake tsaye mini a wuya. Wahab na Libiya, ɗan Hajiya Rashidatu na Italiya, 'yan mata uku na ƙasar da Rafia take. Wanda ya koyar da kuskure a tsaye, ba ya gyara shi a zaune a bayan ɗaki.

Da aka tashi karatu na miƙe na je gaban allo. Na ce abin da na faɗa a kan hoto da bidiyo da manhajoji yana nan daram, kowa ta riƙe. Na ce abin da na faɗa a kan saƙon murya ƙarya ne, ban sani ba, amma ƙarya ne. In ya sauka ya sauka, sauraro ba ya cin komai. Na ce Zuleha ce ta gyara ni, na sa ta miƙe aka gan ta. Ta rufe fuska da mayafi tana cewa, “Kai, Mman Rafia, kai.”

Na jira Hajiya Rashidatu. Na shirya mata, na ma ajiye amsa. Ta buɗe baki, ta dube ni da kyau, sai ta ce, “Habsatu, ina Rafia?”

Na ce ana nema.

Sannan na ce, “Kowace ta fito da wayarta yanzu. Ku koma saƙonnin makon nan biyu, ku wuce lafiya lau.”

Suka fito da su. Ajin ya cika da muryoyin yara, maza da mata, kowanne daga tsakiyar maganarsa. Wani na neman a turo masa yaji. Wata na ba da labarin sanyi. Tsohuwar nan da ɗanta ba ya gaisuwa tana ta dariya, ita ba ta rasa komai ba. Wata daga baya ta tashi ta fita da waya a kunne, ba ta ɗauki takalminta ba. Na bi ta da su.

Na tsaya har aka watse. Ban zauna ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan La'asar

Waya na cikin rigata. Na caja ta sau biyu ba ta buƙata.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Saƙo daga Alima, minti huɗu. Ina shago, mai saye na riƙe da atamfa. Alima ta gaishe ni. Ta tambayi gwiwa. Ta tambayi kasuwa, ta tambayi Sanni, ta tambayi ruwan sama, ta tambayi wata gwaggonta da ke Sabon Zongo. Ban taɓa sanin gaisuwa na da tsawo haka ba. Na tsaya na ji, ban ja gaba ba.

An same ta. Mai sharar 'yar Yuganda ce, ta ɓoye ta a ɗakinsu su shida, mako uku, suna raba abinci da ita. Yanzu tana ɗakin Alima. Tana tafiya da ƙafafunta. Hannun zai warke. Za a fara neman takardar dawowa.

Na ba mai sayen atamfar da ba ita ta zaɓa ba. Na shiga bayan kaya na yi sujada a kan kwali.

Akwai sauran magana a minti na ƙarshe. Alima ta yi ta kewaye kafin ta faɗa. Ta ce ta miƙa mata waya ta kira ni, Rafia ta ce ba yanzu ba. Ta ce in takarda ta fito, unguwar Nima ta babban birni za ta sauka wajen ƙanwar babanta. Ba ta ambaci Kumasi ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan Magariba

Sanni ya ce in bari shi ya yi wa Rafia bayani, ko Alima. Ya ce, “Yaya, ba sai kin faɗa da bakinki ba. A ce waya ce ta lalace.”

Na ce wayata ba ta taɓa lalacewa ba, kuma ban rene ta a kan ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba. Irin wannan ba a aikawa.

Ya ce in ba ta kira ba fa. Na ce ya sha shayinsa.

Rafia ta yi magana da shi jiya, minti ashirin. Ta gaida Zuleha ta bakinsa. Ba damuwa nake ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Rafia ta kira da wayar Alima. Ina tankaɗe, na ɗauka da hannu mai gari.

Ba ta gaishe ni ba. Tun da ta iya magana ba ta taɓa yi ba.

“Mma.”

“Na'am.”

“Kin ji saƙonnina?”

Na zauna a bakin ƙofa. Na ce, “Yanzu na ji su. Ran sha takwas ga wata na ji su. Kafin nan minti ɗaya da rabi nake ji. In kin ce lafiya lau sai in tsayar. Na ɗauka sauraro na cin data.”

Ina jin Alima na motsa tukunya a can.

“Duka?”

“Duka goma sha shida.”

“Na goma sha ɗayan fa?”

“Shi ma.”

“Lokacin da kika rubuta haƙuri ake yi, ba ki ji ba.”

“Ban ji ba.”

“Ki rantse, Mma.”

'Yar da na haifa ta ce in rantse. Na rantse da wanda raina ke hannunsa.

Sai ta yi wata ƙara da na ɗauka kuka ne. Kuka ne, amma da dariya a ciki, har tana shaƙewa. “Data, Mma? Data?” Na ce e, data. Na ce ba ni da wani abin da zan ɗora a kai, kuma ni ce mai neman yafiya, ba ita ba. Ban taɓa faɗa wa ɗan Adam wannan ba, amma na faɗa ba tare da muryata ta karye ba.

Ta ce, “Mako tara ina kwana ina tashi da cewa kin ji. Abin da aka yi mini bai kai wannan ba.” Sannan ta ce, “Alhamdu lillahi. Ashe ba ki ji ba.”

Mun yi minti arba'in da bakwai. Yawanci ita ke magana. Dab da za ta ajiye ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne kawai, in gaya wa kawunta ƙafar gadonta ta hagu na rawa tun bara, ya gyara kafin ta iso.

Gobe da sassafe zan je Anloga da kaina. Sanni ba ya aiki sai an tsaya a kansa.